Wai da gaske ƙaramar hukuma tana tsiyacewa a Ingila?

Tela Bakin Layi, Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa, ku yi haƙuri da tsawon zancen.

Ni tela ne a Agege, shekarata goma sha tara a nan. Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, tana Birmingham tun 2022. Aikin kula da tsofaffi take yi, irin na bi gida-gida: ta yi wa tsohuwa wanka, ta ba ta magani, ta ɗumama mata abinci, ta ɗauki jaka ta nufi gida na gaba. Tun da ta tafi muka raba nauyi. Ni ke aika wa Inna kuɗin cefane a Funtuwa, ita kuma ta ɗauki maganin hawan jinin Inna da kuɗin makarantar 'ya'yan marigayi yayanmu su uku. Ba mu taɓa samun saɓani ba.

A azumin 2025 ta kira ni bayan na sha ruwa, ga ɗinkin sallah ya sha mini kai, ta ce Yaya zan rage abin da nake turowa. Na ce lafiya? Ta ce an ƙara musu harajin gida, kamfanin da take yi wa aiki kuma ya rage mata awoyi, wai ƙaramar hukumar garinsu ce ke biyan kuɗin kula da yawancin tsofaffin, hukumar kuma ta tsiyace. Wallahi dariya na yi har yaron shagona ya ɗago. Na ce Ingilar? Ƙasar da fam ɗinta ɗaya ya isa in cika cikina a bukka har in yi canji? Sai ta turo mini bidiyo. Baƙaƙen ledojin shara jibge a bakin titi, tudu guda, sun kai gilashin motar da ke fake, wasu sun fashe, ga kyallen jarirai da ƙasusuwan kaza a warwatse. Na ce wannan ai bayan kasuwa ne a nan Ikko, kin samo a waya. Ta juya kyamara, sai ga jajayen gidajen bulo a jere, ga wata Baturiya ta toshe hanci da gyalen wuyanta tana ratsawa.

A nan ne na yi kuskure, in kuskuren ne. Na ce mata in kin gaji da ɗaukar nauyi ki fito fili ki faɗa, ba sai kin laƙaba wa gwamnatin Turawa ba. Ta yi shiru, ta ce to Yaya, sai da safe. Tun ranar gaisuwa kawai take turowa a rubuce. Kuɗin maganin Inna bai taɓa fashi ba, amma na makaranta ya koma rabi, ni nake cikowa.

Abin da nake so masu sani su gaya mini: da gaske ne ƙaramar hukuma tana iya karyewa a can kamar ɗan kasuwa? Kuma kuɗin ina ya tafi, sacewa aka yi? Sannan ta taɓa gaya mini mutanen unguwarsu sun yi cincirindo da kwalaye don kada a rufe musu ɗakin karatu. Ɗakin karatu fa! Ni da nake biyan rasit uku a kan shago ɗaya, ko sunan kansilana ban sani ba. Me ya sa abin yake yi musu zafi haka?

Alhaji na Ikeja:

Wa alaikumus salam Malam Tela. Na zauna a Ingila shekara tara kafin in dawo gida, kuma har yanzu ina da ɗa a can. Ƙanwarka ba ta yi maka ƙarya ba ko ta ƙwayar zarra.

A Satumban 2023 majalisar birnin Birmingham ta fitar da abin da suke kira sanarwar sashe na 114. Ma'anarsa ta shaida wa duniya cewa kuɗin shigarta ba zai biya abin da ke kanta ba, don haka an dakatar da duk wani sabon kashe kuɗi sai wanda doka ta wajabta. Dokarsu ba ta yarda ƙaramar hukuma ta yi kasafi da giɓi ba. Kuma ba ita ta fara ba: Northamptonshire ta yi a 2018, Croydon a 2020, Nottingham ta biyo bayan Birmingham da kusan wata uku. Ta Birmingham ta fi amo ne saboda girmanta, mutum sama da miliyan ɗaya ke ƙarƙashinta.

Kada kalmar ƙaramar hukuma ta rikita ka, ba irin tamu ba ce. A can ita ke kwashe shara, ita ke kunna fitilar titi, ita ke riƙe marayu da yaran da aka ƙwace daga iyayen da suka gaza, ita ke nema wa wanda aka kora daga haya wurin kwana, ita ke biyan kuɗin kula da tsohon da ba shi da hali. Wannan na ƙarshen da na yara su ke cinye mafi yawan kuɗin. Kamfanin ƙanwarka kwangila yake karɓa. In aka matse mai ba da kwangila, ziyarar awa ɗaya sai ta koma rabin awa, kuma da yawansu lokacin da suke cikin gidan tsohuwar kawai ake lissafa musu, zaman jiran bas ba ya ciki.

Asalin abin tun 2010 ne, da David Cameron ya hau, George Osborne yana ministan kuɗi. Suka ce bashi ya yi yawa bayan rikicin bankuna na 2008, sai a tsuke bakin aljihu. Ƙananan hukumomi suka fi kowa shan wuƙa. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar da kansa ya ce tallafin da gwamnatin tsakiya ke ba su ya ragu da kusan rabi tsakanin 2010 da 2018, alhali tsofaffi ƙaruwa suke yi. Ɗakunan karatu kusan 800 aka rufe a shekara goman farko. Ta ɓangaren tallafin marasa ƙarfi kuma, a 2013 aka kawo wanda mutane suka laƙaba wa harajin ɗakin kwana: in kana gidan gwamnati da ɗaki ɗaya da ba kowa, a zaftare kashi 14 cikin ɗari na tallafin hayarka, in biyu ne kashi 25. A 2017 aka ce tallafin yara ya tsaya a kan biyu. Ina Landan ranar 26 ga Maris 2011 da ƙungiyoyin ƙwadago suka fito, dubban ɗaruruwa, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da tsofaffi a keken guragu. Ban taɓa ganin Bature yana zagin gwamnati da jijiyar wuya irin na ranar ba.

Amma Birmingham tana da nata laifin. Shekaru aka yi ana ba maza masu kwasar shara alawus, ana hana mata masu shara a makarantu da masu dafa abinci da ke mataki ɗaya da su. Matan suka je kotu suka ci. An biya sama da fam biliyan ɗaya, sannan a 2023 aka ce akwai sauran bashin da zai iya kai wa fam miliyan 760. Ga sabon tsarin kwamfuta da suka saya ya ƙi aiki ya ci kuɗi. To daga nan aka ba su izini na musamman suka ƙara harajin gida kusan kashi 10 a 2024, suka sake ƙara wajen kashi 7 da rabi a 2025. Sharar da ka gani ta yajin aiki ce. Masu kwasa suka tsunduma gaba ɗaya ranar 11 ga Maris 2025 saboda an soke wani muƙami a motocin shara, washegarin ƙaramar sallah majalisar birnin ta ayyana lamarin a matsayin babbar matsalar gaggawa, tan 17,000 a kan titi.

Abu ɗaya da ba ka sani ba: mai bizar aiki irin ƙanwarka, an rubuta a takardarta ba ta da haƙƙin tallafin gwamnati. Haraji kam tana biya daidai da kowa.

Sarkin Albasa, Mile 12:

Alhaji Allah ya ƙara ilimi. Amma ni fa abin da na fahimta, tasu ta yi aiki har ta gaji ta faɗi. Tamu ko tsayuwa ba ta yi ba balle ta faɗi.

Malam Tela kai rasit uku ma kake kuka. Zo ka ga motar albasa daga Aliero kafin ta sauke. Kuɗin shiga, kuɗin sauka, kuɗin shara, kuɗin wuri, ga yaran tasha da nasu tikitin da ba ka isa ka tambayi na mene ne ba. Wani rasit ɗin tawada ta cinye hatimin, ba ka san aljihun wa ya faɗa ba. In damina ta zo, kwatar da ke gaban rumfata mu ke haɗa ɗari biyar-biyar mu kira yara su yashe. Ran da aka ce an rage wa ƙaramar hukuma kuɗi, ni ta ina zan gane? Fitilar da babu ita za a kashe?

Shi ya sa Bature yake ɗaukar kwali. An ba shi ya ɗanɗana, aka zo za a janye. Mu kuwa wanda bai taɓa hawa jaki ba, ba ya kukan an sauke shi.

Tela Bakin Layi, Agege:

Sarkin Albasa ka ba ni dariya ina cikin damuwa. Alhaji na gode. Wannan magana ta cewa ba ta da haƙƙin tallafi ita ta tsaya mini a rai. Ni duk zatona gwamnatinsu tana ba kowa ɗan wani abu duk wata.

Maman Ilham, Idi-Araba:

Yaya Tela, ka yi haƙuri zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi. Ka zalunci yarinyar nan. Mace tana ƙasar mutane, cikin sanyi, tana wanke kashin iyayen wasu don ta sayi maganin tata uwar, ta tattara ƙarfin hali ta gaya maka halin da take ciki, kai kuma ka ce ta gaji da nauyi. Ka san sau nawa ta ɗauki wayar ta ajiye kafin ta kira? Ni ma ina da 'yar yaya a can, na san yadda suke ɓoye mana. Hoton da suke turowa na ranar hutu ne, an sha kwalliya a gaban shago. Ba mai turo hoton kansa a tashar bas ƙarfe shida na asuba.

Sarkin Albasa kuma, ban yarda ba a taɓa ba mu komai ba. An ba mu abu ɗaya, mai. Shi ne kaɗai tallafin da ya isa ga kowa ba sai ka san wani ba, kuma ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce ya tafi. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500. Ni abinci nake sayarwa, tuwo da miyar kuka da dare, masa da safe. Na ga yadda masu gadi da masu turin ruwa suka koma sayen tuwo ba nama, daga baya suka koma mutum biyu kwano ɗaya. Akwai wani dattijo mai gyaran takalmi, kullum malmala uku yake ci, yanzu ɗaya yake saya ya ce a cika masa miya.

Da aka ce za a ba gidaje miliyan 15 naira dubu 25 har wata uku, an zo unguwarmu an rubuta sunaye, an karɓi lambar waya da ta katin ɗan ƙasa. Mu bakwai ne a gidanmu na haya da muka bayar. Mace ɗaya ce ta ga alat, sau ɗaya. Kuma mu 'yan Arewa a Ikko matsalarmu biyu ce: a nan a ce mu je jiharmu, a jiharmu a ce ai ku kuna Legas kuna cin daɗi. To ka ga mu da ƙanwarka jirgi ɗaya ya kwaso mu, haraji namu, rabo na wasu.

Ka kira ta. Ba saƙo ba, kira.

Baba Mai Goro, Agege:

Yarana, bari tsoho ya sa baki, jikana ke rubuta mini.

Sarkin Albasa ya ce ba a taɓa rage wa ƙananan hukumomi kuɗi mun gani ba. An taɓa, a nan garin, ba ragewa ba ma, riƙewa ɗungurum. Lokacin Tinubu yana gwamna ya ƙirƙiro sababbi 37 a kan 20 da tsarin mulki ya sani. Obasanjo ya ce bai san zancen ba, a 2004 ya riƙe kason ƙananan hukumomin Legas. Aka je Kotun Ƙoli, ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙewa, amma kuɗin bai fito duka ba sai da marigayi 'Yar'aduwa ya hau a 2007. Ina nan Agege duk tsawon lokacin ina sayar da gorona. Ba na tuna ranar da talakawa suka fito titi a kan haka. Rigimar manya ce, mu a rediyo muke ji. Har gobe 20 ɗin ce a takarda, Kano tana da 44, kuma duk ranar da aka zauna shan shayi da Bayarabe sai ya tayar da wannan.

Amma ranar da aka taɓa mai fa? Janairun 2012, Jonathan ya kai lita daga 65 zuwa 141. Na taka da ƙafata har Ojota, don ba mota. Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri wuri ɗaya, in lokacin sallah ya yi Kiristoci su zagaye mu. Sati guda garin nan a rufe, sai da aka dawo da shi 97. To mu ma muna da zuciya, Malam Tela. Kowa inda ya san ana ba shi nan yake karewa.

Abin da ya sa na 2023 bai zama kamar na 2012 ba, ku kun fi ni sani. An fito a Agustan 2024, aka yi asarar rayuka a Arewa, daga baya muka ga yara ƙanana suna faɗuwa don yunwa a kotu a Abuja kafin a sake su. Mu nan shugabanninmu na kasuwa suka ce kowa ya zauna a rumfarsa, baƙo ba ya shiga faɗan masu gida, in abu ya ɓaci kayanmu za a fara ƙonawa. Ban ce sun yi daidai ba, ban ce sun yi kuskure ba. Na zauna dai.

Kuma ku sani, cire tallafin bai rage wa ƙananan hukumomi kuɗi ba, ƙaruwa ma kason ya yi a lissafin naira. Kashi 20 da ɗoriya na asusun tarayya nasu ne, su 774. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kai tsaye, a daina bi ta hannun gwamnoni. Tsarin mulki ya ce kasuwa da tasha da shara da maƙabarta aikinsu ne. Na Ingila suna kuka kuɗi ya ragu aiki ya yi yawa. Namu kuɗi ya ƙaru, ku ku faɗa mini aikin.

Alhaji na Ikeja:

Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya kawai, don kada a ɗauka ihun nasu banza ne ko kuma kullum yana ci. Zanga-zangar 2011 ba ta sauya komai ba, Cameron ya sake cin zaɓe a 2015. Amma a Yulin 2024 da sabuwar gwamnatin Leba ta janye wa yawancin tsofaffi kuɗin ɗumama ɗaki na hunturu, fam 200 zuwa 300 a shekara, tsofaffin suka hana 'yan majalisa sakat da wasiƙu da tare su a ofis, jam'iyyar ta sha kaye a zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2025, kafin wata biyu gwamnati ta lashe amanta ta mayar wa mafi yawansu. Tsoho a can yana da ƙuri'a kuma ana ƙirga ta. Ita kuwa mai yi masa wanka, ba wanda ya ɗaga kwali dominta.

Tela Bakin Layi, Agege:

Jama'a na gode, Allah ya saka. Baba Mai Goro, ashe muna unguwa ɗaya, in ka aiko jikanka da yadi ɗinkin kyauta ne.

Maman Ilham, na ji faɗanki, kuma na kira ta jiya bayan isha'i. Sau biyu ba ta ɗauka ba, a na uku ta ɗauka tana cikin bas, ina jin ana kiran sunan tasha. Na ce ki yafe mini, ban san haka abin yake ba. Ta ce ba komai Yaya, da muryar nan da ke nuna akwai komai. Muka yi shiru. Sai na tambaye ta sharar fa, ta ce wani maƙwabcinsu ɗan Pakistan mai motar kaya yana kwasar ta layinsu ya kai juji, kowa ya ba shi na mai. Na ce ashe kun koma irin namu, mu ma mai kura muke ba ɗari biyu ya kwashe da asuba kafin jami'ai su gan shi. Nan ta yi dariya, ta farko tun azumi.

Ta ce akwai wata tsohuwa da take zuwa wurinta, shekara 88, da awa ɗaya ake ba ta da safe, yanzu rabi. Wanka da karin kumallo da magani ba sa shiga rabin awa, sai ta riƙa ƙara minti goma daga nata, ba a biya. Tsohuwar tana kiran ta da sunan 'yarta da ta rasu.

Mun yi magana a kan kuɗin makaranta, na ce ta bar shi a rabin, zan riƙa karɓar ɗinkin 'yan makaranta da na saba ƙi. Yau da safe mai rasit ya zo, na biya, na ce masa don Allah wane ne kansilan wannan mazaɓar? Ya kalle ni ya kalli yaron shagona, ya ce shi ma sabo ne a aikin, in tambayi oga. Akwai wanda ya san ranar da kansila yake zama a ofis, kuma ana barin mutum ya shiga ba tare da takarda ba?